Reshen Babban Banki a Cikin Ganuwa: Me Ya Kamata Malamai Su Nema?

Jawabin da aka gabatar a zauren taron reshenmu, mun buga shi nan domin 'yan'uwan da ba su samu halarta ba da kuma iyalanmu na gida.



Maganar da aka ɗora mana nauyin dubawa ita ce shawarar da wasu daga cikinmu suka kawo, cewa reshenmu ya sa hannu a kan takardar roƙo zuwa ga Babban Bankin Nijeriya domin ya buɗe sabon reshe a nan cikin birni, ƙari a kan wanda yake da shi a Titin Legas. Masu shawarar sun ce Kano ta wuce a auna ta da mudun da ake auna kowace jiha, kuma wahalar da muka sha ta ƙarancin takardun kuɗi a 2023 ta isa hujja. Wasu kuma sun ce wannan ba huruminmu ba ne, malami ya tsaya ga allo da alli. Mun zauna, mun duba maganar ta fuskoki da dama, ga abin da muka gani. Hukunci kuma yana hannun wannan zaure.

Bari mu fara kawar da batun hurumi. Kowa ya zaro naira goma daga aljihunsa, hoton da zai gani na Alvan Ikoku ne, malamin makaranta wanda ya taɓa shugabantar wannan ƙungiya tamu ta NUT da aka kafa tun 1931. A kan naira biyar akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya riƙe alli kafin ya riƙe ƙasa. A kan naira dubu akwai Aliyu Mai-Bornu, ɗan ƙasa na farko da ya zama gwamnan Babban Banki, daga 1963 zuwa 1967, shi ma daga aji ya fito. Malam Aminu Kano kuwa, da ya tara malaman Arewa ƙarƙashin ƙungiya guda a 1948, bai taɓa ganin cewa haƙƙin talaka a kasuwa ya fita daga hurumin mai koyarwa ba. Bayan wannan, mu ne mutanen da duk guminsu na wata ke zuwa musu ta hanyar banki. Duk abin da ya taɓa darajar naira, ko hanyar da take bi ta iso hannu, ya taɓa tukunyar gidan malami. Saboda haka muna da ta cewa. Abin da ya rage shi ne mu faɗi magana mai nauyi, wadda idan ta isa teburin masu hukunci ba za a ajiye ta gefe da murmushi ba.

Mene ne aikin reshen Babban Banki?

Da yawa daga cikinmu, idan an ce banki, abin da ke zuwa zuciya shi ne kanta da layi da mai ƙirga kuɗi. Babban Banki ba haka yake ba. An kafa shi da dokar 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1959, kuma dokar da yake aiki da ita yanzu ita ce ta 2007. Ita ta lissafa masa ayyukansa: tsare darajar kuɗi da daidaiton farashi, fitar da takardun kuɗi da sulalla, riƙe ajiyar ƙasa ta kuɗaɗen waje, kula da lafiyar bankuna, da zama ma'aji kuma mai ba Gwamnatin Tarayya shawara. Dokar ta ce hedikwatarsa tana babban birnin ƙasa, kuma yana iya buɗe rassa a ko'ina cikin Nijeriya bisa shawarar hukumar gudanarwarsa. Ashe ke nan buɗe reshe ba aikin gwamnan jiha ba ne, ba na majalisar dokokin jiha ba. A yau bankin yana da rassa 37, ɗaya a kowace jiha, ɗaya a Abuja.

Reshe irin na Titin Legas rumbu ne. Takardun kuɗin da kamfanin buga kuɗi na ƙasa ya buga a Legas ko Abuja, can ake kawo su a ajiye. Bankunan kasuwanci su zo su ɗiba, su kai rassansu da na'urorinsu na ATM. Idan kuɗi ya yi musu yawa su mayar. Can ake tace takardun da suka tsufa ko suka yage a cire su daga yawo. Can ake riƙe wasu asusun gwamnati, can ake karɓar takardun ƙorafi, can kuma wasu ma'aikata ke tattara bayanai kan tattalin arzikin jiha su aika hedikwata. Malami ba ya buɗe asusu a can, ba a biyan sa albashi a can, ba a ba shi rance a can. Ko da an gina reshe a jikin katangar makarantarmu, ranar albashi bankinmu na kullum za mu nufa, ko mu tsaya gaban mai POS na bakin layi.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa. Tsakanin rumbu da tukunya akwai mai awo, akwai ɗan dako, akwai mai niƙa. Idan hatsi bai iso gida ba, mai hankali yakan bincika a wane mataki ya tsaya kafin ya ce a sake gina wani rumbun.

Yadda kuɗi ya fita daga cikin ganuwa

Duk da haka, waɗanda suka kawo shawarar ba daga sama suka tsinto ta ba. Akwai wani tsohon ciwo a ƙarƙashinta, kuma ya cancanci a ambace shi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi ce cibiyar dukiyar wannan yanki. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana ciniki da farin wuri, wuri 2,500 na daidai da dalar azurfa guda. Ana ƙirga wuri a ɗura a keso, kowane keso wuri dubu ashirin. Fatake su zo daga Gwanja da goro, daga Agadas da gishiri, daga Tarabulus da alharini, su sauka a gidajen masu masauki a Koki da Dala da unguwannin da ke kewaye da kasuwa. Waɗannan masu masauki su ne bankunan wancan zamani: su ajiye dukiyar baƙo, su tsaya masa a ciniki, su ba da kaya bashi bisa amana. Ko bayan zuwan Turawa a 1903, Baitulmalin En'e yana cikin gari ƙarƙashin Ma'aji, kuma daga nan ake biyan malaman makarantun elemantare na farko.

Jirgin ƙasa ne ya juya akalar. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin sayen gyaɗa suka kafa kantunansu kusa da tasha, a wajen ganuwa, bankuna kuma suka bi su. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, sule da sisi da taro da kwabo da anini suka ture wuri. Har yau ana ba da labarin yadda Alhassan Ɗantata ya kai wa bankin Turawa azurfa a kan raƙuma. Abin lura a labarin shi ne inda raƙuman suka dosa: daga wajen masu dukiya zuwa unguwar Turawa. Tun daga lokacin manyan bankuna suka jeru a can, Babban Banki ma da ya zo ya zauna a cikinsu. Mutumin Jakara ko Mandawari ko Gwammaja ya saba da cewa idan maganar kuɗi ta yi girma, sai ya fita ta ƙofa. Wanda ya ce a dawo da wani abu na wannan martaba cikin birni, ba za mu ce masa ya yi shirme ba.

Hujjojin masu neman sabon reshe

Hujjarsu ta farko ita ce girman Kano. A ƙidayar 2006 jihar nan ce ta fi kowace yawan jama'a, da mutum miliyan 9.4. Tana da ƙananan hukumomi 44, babu jihar da ta kai ta. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Sabon Gari, ga Kasuwar Rimi da ta Wambai da Ƙofar Ruwa, ga Dawanau da ke ciyar da ƙasashe maƙwabta da hatsi, ga 'yan canjin Wapa. Ciniki mai yawa a waɗannan wurare har gobe hannu da hannu ake yin sa. Tsarin da ya ba Kano reshe ɗaya, ya kuma ba jihar da ba ta kai rubu'inta ba reshe ɗaya, ya bi taswirar siyasa ne, bai bi taswirar kasuwa ba.

Hujja ta biyu ita ce abin da ake yi a wasu ƙasashe. Ba sai mun je nesa ba. A Nijar, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, wanda hedikwatarsa ke Dakar, yana da babban ofishi a Yamai, amma ya buɗe ƙananan rassa a Maraɗi da Damagaram, saboda can ciniki yake. A Amurka, da aka yi dokar kafa babban bankinsu a 1913, an raba shi gida 12 bisa yankunan kasuwanci, har jihar Mizuri ita kaɗai ta samu biyu, ɗaya a St. Louis ɗaya a Kansas City, alhali jihohi da dama ba su samu ko ɗaya ba. Don haka babu wata ƙa'ida ta duniya da ta ce jiha ɗaya reshe ɗaya.

Hujja ta uku ta fi kusa da zuciya. A watan Janairun 2024, Babban Banki ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya mayar da wasu sassansa daga Abuja zuwa Legas, ciki har da sashen sa ido kan bankuna da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, da ma'aikata fiye da 1,500. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa ta yi tir da matakin. Muhammadu Sanusi II, wanda ya riƙe bankin daga 2009 zuwa 2014, ya goyi bayansa, bisa dalilin cewa hedikwatocin yawancin bankunan da ake sa wa ido suna Legas. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu guda ya fito fili: bankin da kansa ya yarda cewa ofishi yakan bi inda aikinsa yake. To idan haka ne, aikin rarraba tsabar kuɗi da sauraron kukan ƙananan masu ajiya, ina ya fi Kano yawa?

Akwai ta huɗu da ta shafe mu kai tsaye. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Albashin malaman firamare daga wannan kaso yake fita. Duk ranar da tsarin ya kankama sosai, aikin da ke kan ofisoshin kuɗi na jiha mai ƙananan hukumomi 44 zai ƙaru, kuma jinkirin kwana uku a kan takarda ɗaya yana iya zama jinkirin albashin malamai dubbai. Waɗannan hujjoji huɗu ba na wasa ba ne.

Gwajin 2023

Sai dai kowace shawara tana da ranar gwajinta, kuma ta wannan ta riga ta zo ta wuce a gaban idonmu. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sababbin takardu suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa wa'adin tsofaffi ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kai tsofaffin kuɗinsu, sababbi ba su fito yadda ya kamata ba. Zuwa ƙarshen Fabrairu, kuɗin da ke yawo a duk ƙasar ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya.

Ba sai mun tuna wa kowa abin da ya biyo baya ba. Albashi ya shiga asusu amma ya ƙi fitowa. Malamai sun raba dare a layin ATM, suka shiga aji da jajayen idanu. An sayi naira da naira. Mai ƙosai da mai kayan miya da ɗan adaidaita-sahu, waɗanda ba su da asusu, kasuwarsu ta tsaya. Yara sun zo makaranta babu kuɗin tara. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, Kano ma ta shiga sahu, kuma ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. A watan Nuwamba ta cire wa'adin gaba ɗaya.

Yanzu mu yi wa kanmu tambaya ta gaskiya. Da a ce a wancan lokaci akwai reshen Babban Banki a gaban Gidan Makama ko a bakin Kurmi, da me zai canza? Abu ɗaya za mu iya ba masu shawarar: a makonnin da aka ce mai tsofaffin takardu ya cike fom a intanet ya kai su reshen Babban Banki da kansa, ƙofa biyu ta fi ƙofa ɗaya, da layin ya ragu. Ban da wannan, da rumbun na biyu ma wayam zai kasance, domin abin da aka buga bai kai abin da aka janye ba. Shawarar a Abuja aka yanke ta, adadin takardun a ma'aikatar buga kuɗi aka ƙayyade shi, kuma kotu ce ta warware ƙullin. Abin da Kano ta rasa a lokacin shi ne murya a ɗakin da aka yanke hukunci, muryar wanda ya san cewa a Dawanau ana sayen tirelar hatsi da tsabar kuɗi, kuma a ƙauyuka da yawa babu banki babu sabis na waya. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma ba a tambayi mai ɗakin ba.

Mu duba ta ɗaya gefen kuma. Abubuwan da suka fi canza mu'amalar Bakano da banki a shekarun nan, da alƙalami aka yi su. Ƙa'idojin bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, waɗanda aka fitar a 2011, su suka buɗe hanyar da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, mutane da yawa da ke ƙyamar banki suka shigo. Ƙa'idojin wakilan bankuna na 2013 su suka haifar da masu POS da yanzu ke kowane lungu daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Na'isa. A Janairun 2025, da bankin ya ci tarar bankuna tara naira miliyan 150 kowannensu saboda barin na'urorinsu babu kuɗi a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, bai bukaci sabon gini ba kafin ya yi hakan. Abin da ya fi cin albashinmu ma, wato hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, babu tubalin da zai sauko da ita. Mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Kano ta amince da shi a 2024, darajarsa tana rataye ne ga shawarar kwamitin mutum 12 da ke zama a Abuja, da kuma yadda gwamnati ke kashe kuɗi da cin bashi.

Sannan akwai maganar wuri. Reshen Babban Banki yana buƙatar fili mai faɗi, da katanga, da hanyar da motocin sulke za su shiga su fita da rakiyar 'yan sanda masu bindiga. Duk wanda ya san lungunan cikin birni ya san irin wannan fili ba ya samuwa sai an rushe gidaje, ko an taɓa filin makaranta, ko an ƙara cin abin da ya saura na ganuwa da kududdufai. Mu da muke kukan an yanka filayen wasan makarantu an yi shaguna, bai kamata mu zama masu buɗe wata ƙofar ba. Daga Ƙofar Mata zuwa Titin Legas kuwa tafiyar 'yan mintoci ce idan hanya ta buɗe. Idan har nisa ne hujja, 'yan'uwanmu malaman Doguwa da Tudun Wada da Sumaila da Kunci sun fi mu cancantar kawo ta, su da wani kan yi tafiya mai tsawo kafin ya ga ƙofar banki kowane iri. Ƙungiya ɗaya muke da su, kuma ba zai yi kyau a ji mu muna neman rijiya a bakin kogi alhali su suna tafiyar yini neman ruwa ba.

Ingila ta bi wannan hanya kafin mu. Bayan rikicin bankuna na 1825, babban bankinsu ya fara buɗe rassa a garuruwa daga 1826 domin takardunsa su isa ko'ina. Da zamani ya juya, kafin ƙarshen ƙarni na 20, ya rufe yawancinsu. Abin da ya bari shi ne ƙananan ofisoshin wakilai a yankuna 12, aikinsu su zaga wajen 'yan kasuwa da masu masana'antu su ji halin da ake ciki, su kai wa masu yanke shawara kafin su zauna. Sun rage gine-gine, sun riƙe kunnuwa.

Abin da muke ba da shawarar a nema

Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada reshenmu ya sa hannu a takardar da ke neman sabon reshe a cikin ganuwa yadda aka tsara ta yanzu. Ba girin-girin ba dai, a yi mai. A maimakon haka, mu rubuta tamu takardar, mu bi da ita ta hannun shugabancin ƙungiya na jiha, mu nemi abubuwa biyar waɗanda za a iya ƙirgawa a ga an yi ko ba a yi ba.

Na farko, teburin karɓar ƙorafi mai cikakken iko a reshen Kano, wanda zai saurari mutum da Hausa, ya karɓi takarda ko da ajami aka rubuta ta, ya ba da lambar shaida da ranar amsa. Tun da sashen kare haƙƙin masu ajiya ya koma Legas, bai kamata malamin da aka cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ko tsohon da fanshonsa ya maƙale, ya ji cewa kukansa sai ya tsallaka Kwara kafin a ji shi ba.

Na biyu, ƙaramin ofishi a kusa da Kurmi ko Kasuwar Rimi, ɗaki biyu ko uku a ginin da yake akwai, ko da kwana biyu ne a mako, domin karɓar ƙorafi da wayar da kan jama'a da musayar takardun da suka yage. Wannan ba ya buƙatar rumbu ko rushe gidan kowa.

Na uku, a matsa wa bankunan kasuwanci su wadata na'urorinsu da kuɗi a makon albashi da gabanin salla, a kuma fito da ƙananan takardu, naira hamsin da ɗari da ɗari biyu. Rashin canji haraji ne da talaka ke biya kullum ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. A kuma sa ido kan abin da masu POS ke caja, a bi sawun inda suke samun kuɗin da na'urar banki ta rasa.

Na huɗu, zama na dindindin, ko sau biyu ne a shekara, tsakanin shugaban reshen Kano da wakilan kasuwanni da na ma'aikata da na manoma, a rubuta abin da aka faɗa a aika hedikwata. Duk wani sauyin kuɗi da za a sake yi nan gaba, a ji ta bakin Kano tun kafin a sa wa'adi. An sauya kuɗi a 1968, an kawo naira a 1973, an sauya launi a 1984, an sake fasali a 2022. Wanda ya ƙirga waɗannan ya san wata rana za a sake.

Na biyar, bankin ya yi bincike a fili kan yawan tsabar kuɗin da ke shiga da fita Kano, da nisan kowace ƙaramar hukuma daga banki mafi kusa. Idan alƙaluma suka nuna reshe ɗaya ya gaza, to a buɗe cibiyar rarraba kuɗi ta biyu a inda alƙaluman suka nuna, ko Dawanau ce, ko kudancin jiha. Ranar da aka kai nan, mu ne za mu fara sa hannu, kuma ba za mu damu da cewa ba a unguwarmu aka gina ba.

Namu nauyin

Akwai kuma abin da ke wuyanmu, wanda ba sai mun jira kowa ba. Ƙa'idar ƙorafi a yau ita ce mutum ya fara rubuta wa bankinsa, ya karɓi shaida, ya ba su mako biyu. Idan ba su warware ba, ya kai takarda ga Babban Banki ta kowane reshe. Nawa ne daga cikinmu suka san wannan? Muna ba da shawarar sakatariyar reshe ta buɗe rajista, duk wanda aka cire masa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba ya zo a rubuta rana da adadi, a taimaka masa ya tsara takarda. Bayan wata shida za mu samu abin da babu wanda ke da shi a yanzu: lissafin gaskiya na abin da ke zurarewa daga albashin malaman cikin birni. Takarda mai ɗauke da irin wannan lissafi ta fi sa hannu dubu nauyi.

Haka kuma a aji. Yaron da ke gabanmu yau shi ne gobe zai riƙe shago a Kwari ko ya zauna a kujerar da Adamu Ciroma da Abdulƙadir Ahmed suka zauna. Idan muka koya masa lissafin riba da faɗuwa, mu ƙara masa da yadda ake karanta saƙon banki, da dalilin da ya sa ba a ba kowa lambar sirri, da abin da ke sa mudun shinkafa ya tashi alhali takardar da ke hannunsa ba ta canza ba. Iyayenmu mata da ke riƙe da adashe a gidaje, su ma a kai musu wannan bayani, domin su ma sun yi asara a 2023, lokacin da zubin wata da watanni ya zama takardar da mai shago ke ƙin karɓa.

'Yan'uwa, masu shawarar farko sun yi mana alheri da suka tayar da maganar, domin ba don su ba da ba mu zauna mun duba ta ba. Bambancinmu da su kaɗan ne. Dukanmu muna son Kano ta samu matsayin da ya dace da kasuwarta, muna son malami ya ga albashinsa a hannunsa ranar da aka biya shi, cikakke, ba tare da ya sayi haƙƙinsa ba. Muna roƙon wannan zaure ya amince a kafa kwamitin mutum biyar, cikinsu har da mata biyu da ɗan fansho ɗaya, su tsara takardar buƙatun nan biyar su kawo ta zama na gaba a karanta a gyara.

Allah ya sa albarka a guminmu, ya ba ƙasarmu shugabanni masu saurare.